Ranar da Na Kauce wa Tsamiya

Ni direba ne, ba makanike ba. Na fi shekara ashirin ina jan tsohuwar bashe, motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake ja wa tanti, daga Filinge zuwa kasuwannin ƙauye. Hatsi nake ɗauka, da awaki, da mutane bisa buhuna. Lakwal, wato makarantar boko, ban wuce aji uku ba. Abin da na sani game da mota a bakin hanya na koye shi, da kunne da ƙunar hannu.

A wata bazara motar ta tsiro da wani hali. Tana cikin tafiya lafiya lau sai ta mutu. Ba tari, ba fizga irin ta motar da mai ya yanke mata. Kamar wani ya miƙo hannu ya mayar da makulli baya ya kashe kontak. Ka murza makulli, injin ya yi ta juyawa, ba ya kamawa. Ka ƙyale ta rabin awa, ka dawo, bugu ɗaya ta tashi kamar ba ita ba.

Kuma wuri guda take yi. A hanyar da ke zuwa Sanam akwai wani dogon yashi da ba a ratsa shi sai da giya ta biyu, injin na kuka. Kana fita daga yashin sai ka hango wata tsamiya ita kaɗai a hannun dama, da tsummoki fari da baƙi ɗaure a rassanta. Nan take mutuwa. Wata rana kafin tsamiyar da kaɗan, wata rana sai mun gota ta, amma kullum a inuwarta muke zama. A dawowa kuwa, da yamma, rana ta yi sanyi, kaya ba nauyi, ko gezau.

Tsamiyar nan ta gidan su innata ce. Danginta azna ne, ba su bar gargajiya ba. Su ke yi wa doguwar da ke zaune wurin yanka kafin a yi shuka, kuma ƙanen innata, kawuna, shi ya gaji aikin. Ƙauyensu na gaba kaɗan, in ka saki babbar hanya. Duk mai hawa motata ya san haka.

Saboda haka in ta mutu, fasinja sai su rabu biyu. Tsofaffin mata su sauka, su dama gari a ƙoƙo, su je su zuba gindin itacen. Masu carbi su koma can gefe su yi ta karatu da ƙarfi don a ji su. Kafin kowa ya gama nasa rabin awa ta cika, in murza, ta tashi. Masu gari su ce an karɓa. Masu carbi su ce an kore ta. Ni in ce a hau mu tafi, rana na yi.

Sau huɗu ina kai ta garaji. Makaniken abokina ne tun muna samari, bakinsa ba linzami. Ya canza buji, masu ba injin tartsatsi. Ya canza bis, ƴan ƙarafan nan da ke buɗewa suna rufewa cikin delko, mai raba wa buji wuta. Ya canza kondansater, ya wanke karbirater har sau biyu. Amma a garaji da safe ake duba ta, tana sanyi, wutarta shuɗiya kamar ta sabuwa.

"Ɗan azna," in ji shi, "motar ga lahiyatta lau. Ba garaji taka so ba, baƙin bunsuru taka so. Tahi ka gaida kawunka."

"Kai makanike na ko boka?"

"Da ni boka na, ka gan ni nan cikin baƙin mai ina sauraron hayaniyarka?"

Na yi dariya tare da shi. Gaban mutane cewa nake ƙarfe ƙarfe ne, ba ruwansa da iska. Amma a cikina maganar ta zauna, don ni na san abin da na yi.

Shekara tara kafin nan, lokacin da na fara zama wajen wa'azi, kuma na gaji da "ɗan azna" da ake ce mini a tasha, na ji Inna ta tafi ƙauye wajen wasan bori. Na bi ta da motar nan. Na same ta zaune cikin mata, ana goge, na kama hannunta gaban jama'a na ce ta tashi. Kawu ya taso. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaya, ɗan da kinka goya shi ka jan ki kamar akuya?" Inna ta dube shi, ta dube ni. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗi don kunya, kuma tun da babana ya rasu a gidana take ci take kwana. Ta ce masa, "Daga yau ba ni ba ku." Ta shiga mota.

Tun ranar ba ta sake taka ƙauyen ba, shi ma bai zo ba. Amma duk kaka sai an sauke damin hatsi guda a ƙofar gidana, an ɗaure shi da irin ƙullin da kawu kaɗai ke yi. Ba a cewa daga wa, ita ma ba ta tambaya. Da kanta take sussuke shi, ba ta bari matata ta sa hannu.

To, cikin wannan bazarar, wata safiya babban ɗan kawu ya kira ni a salula. Ya ce babansa kwana uku bai ci komai ba, an kai shi likita an ce a mayar da shi gida. Ya ce tun asuba magana ɗaya yake yi: a kira masa yayarsa su yafi juna, yana da abin da zai gaya mata.

Na shiga na gaya wa Inna. Ban ƙarasa ba ta riga ta miƙe. Ta dama farau-farau ta ɗura a ɗan bido, wato ƴar jarka, ta ce mara lafiya ba ya ƙin ruwan hatsi. Ta ɗauki butarta da mayafi. Lokacin an hana hawan moto, wato babur, a wajenmu saboda halin da ƙasa ke ciki, kuma ba ranar kasuwa ba ce, babu wata mota mai zuwa can. Sai tawa.

Da munka fita gari hantsi bai dubi ludayi ba. In na bi babbar hanya, awa ɗaya da ɗan abu mun isa. Ko ta mutu a tsamiya, rabin awa ce mu tashi, kafin rana ta yi tsaka muna ƙofar gidan kawu. Wannan tunanin yanzu nake yin sa. A ranar abin da ke kaina daban ne. Na ce a raina, ni kaɗai ma doguwar nan kullum sai ta tare ni, to yau da na ɗauko wadda ta ce ba ita ba su, me za ta yi mana? Akwai wani burtali, hanyar shanu, da ke zagawa ta bayan dutse ya faɗo ƙauyen ta gabas. Ya ninka babbar hanya tsawo, yashi ne tsantsa, ba gari ba rijiya. Da munka zo mararraba na karya kan mota na shiga burtalin.

Inna ta ce, "Kai wanga, ina za mu?"

"Hanyar can ta ɓaci, Inna."

Ta dube ni ta wutsiyar ido.

Mun yi kusan awa guda muna fama cikin yashi, sai ta mutu. Irin mutuwar nan dai, tsit. Na duba dama na duba hagu. Ba tsamiya, ba tsumma, sai sabara da geza ƴan gajeru, inuwarsu ko kaza ba ta rufewa. Na duba salula, ba reso, kira ba ya fita. A dajin nan, a shekarun nan, ko ƙarar inji ka ji daga nesa ba ka san murna za ka yi ba ko ɓuya. Mu ko ita ba mu ji ba.

Da ina da hankali nan zan gane. Ga shi mun yi nesa da itacen, ta mutu, kuma daidai tsawon tafiyar da take yi kullum. Amma abin da ya zo mini shi ne, doguwar ta biyo mu.

Na buɗe kapo, murfin injin. Don in ba hannuna aiki na fara da mai. Na cire tiyo na tsotsa, isansi, wato fetur, ya cika mini baki. Na kwance kan karbirater na busa, na mayar. Na murza, ba ta kama ba. Na sake kwancewa. Rabin awa ta wuce, awa ta wuce. Wadda ke tashi da bugu ɗaya yau ta ƙi. Batir ya fara jan ƙafa. Rana ta hau tsakar ka, ƙarfen mota ba ya taɓuwa. Inna na zaune a gaba, ta lulluɓe kai, ta rungume bidon farau-farau cikin mayafi don kada ya yi zafi.

Sai na ji ta ce, ba da ni take ba, "Sun rufe min hanya. Ni nac ce ba ni ba su. Sun ji."

Maganar ta ba ni haushi, haushin ne ya dawo da ni cikin hankalina. Na ce mai akwai, saura wuta. Yadda ake gane wuta, a zare babbar wayar da ke tsakiyar delko, a kai bakinta kusa da ƙarfen injin, wani ya murza makulli. In da wuta za ka ga ta yi tsalle, ka ji ƙyas-ƙyas. Aikin mutum biyu ne, mu kuwa mu biyu ne a dajin.

"Inna, matso nan wajen sitiyari."

"In yi mi?"

"Makullin ga za ki murza, kamar kina buɗe kwaɗo. In nac ce saki, ki saki."

"Ni da ban taɓa kama shi ba? In ta ruga da ni hwa?"

"Da ta iya rugawa da ba mu nan."

Ta yi ƴar dariya, ita kaɗai ce dariyarta a ranar. Ta matso, ta yi bisimilla, ta kama makullin da hannu biyu. Sai ta ce, "Kai wanga, wagga jar hitila mi taka nuhi? Tun ɗazu taka kallona."

Na leƙo. Kontak a buɗe yake. Duk murzawar nan da nake yi cikin gaggawa, ban taɓa mayar da makullin baya ba. A tsamiya kullum zare shi nake in sa aljihu in tafi inuwa.

Na ce ta murza. Injin ya juya da ƙyar. Na kai wayar kusa da ƙarfe har na kusa manna ta. Ba ƙyas, ba komai. Na bi wayar da hannu zuwa inda ta fito, wato bobin, wani baƙin gwangwani dogo da ke ɗaure kusa da injin, shi ke haifar da wutar. Na dafa shi. Na fizge hannu, fatar yatsuna biyu ta yi fari nan take. A wuyansa akwai ƴar tsaga siririya kamar gashi, wani mai ya tsattsafo ta nan, ƙasa ta manne.

Na tsaya ina kallonsa. Wata uku muna canza kayan da ba su yi laifin komai ba. Ashe ba wuri ba ne, zafi ne. Yashi ya gasa injin, injin ya gasa bobin, bobin ya ɗauke wuta. Inuwar tsamiya da rabin awa su ke warkar da shi. Yau kuwa na buɗe masa kapo a tsakar rana, na bar kontak yana ta dafa shi kusan awa biyu.

Na kashe na zare makulli. Na kwance rawanina, na jiƙa da ruwan bidona, na naɗe bobin. Tururi ya tashi. Na yafa tabarma bisa kapo don ya samu inuwa, na yi ta ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan. Da na ji yana taɓuwa na ce Inna ta sake murzawa. Wuta ta yi tsalle, shuɗiya, ta kama ni a yatsa har gwiwar hannu. Na mayar da waya, ta tashi.

"Bobin na, Inna! Ƙarhe na yay yi zahi!"

"To mu tahi," abin da ta ce ke nan.

Amma bobin da ya dahu haka ba ya komawa daidai. Ba mu yi minti ashirin ba rawanin ya bushe ƙamas, ta sake mutuwa. Na jiƙa, munka jira, munka tashi. Ta sake. Ruwan bidona ya ƙare a karo na biyu, har da wanda ya kamata mu sha. A na uku ruwan butar Inna ya tafi, ta yi taimama ta yi azahar a gefen taya. A na huɗu muna hango kan rumbunan ƙauyen can nesa suna rawa cikin kawalwalniya. Ba ɗigon ruwa a motar sai na radiyater, shi kuwa tafasa yake. Na ce ko in ruga da ƙafa in nemo amalanke. Na auna tafiyar da ido, zuwa kaɗai ya fi awa, kuma in bar tsohuwa ita kaɗai a wannan rana.

Ina tsaye haka Inna ta buɗe ƙofa ta sauko da bidon farau-farau. Ta ce, "Gwada min wurin." Na nuna mata. Ta kwance murfi ta fara zubawa a hankali bisa rawanin, farin ruwan na bin baƙin gwangwanin yana ɗiga cikin yashi. Bakinta na motsi. Ba Larabci ba ne. Wasu kalmomi ne da rabona da jin su tun ina ƙarami, ana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Ni da na ja ta daga cikin mata a kan abin da bai kai wannan ba, na juya baya na yi kamar ina duba taya. Ta rage kamar kurɓi uku a gindin bidon, ta rufe, ta ce wannan na ƙanenta ne.

Munka jira. Na murza, ta tashi. Warin ƙonannen gari ya cika gaban motar.

Mun shiga ƙauyen la'asar ta yi. Tun daga bakin gari na ga maza na dawowa daga yamma, a jere, wasu da hauya a kafaɗa, ƙafafunsu furu-furu da ƙasa. Na rage gudu. Inna ma ta gani. Ta ce, "Tsaya nan." Ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, bidon a hannunta, ina biye da ita.

Ɗan kawu ya tare mu a ƙofar gida. Sa'ana ne, shi ma furfura ta fara masa. Ya durƙusa ya gaida ta. Ya ce rana na tsaka baba ya cika, kuma da zafin nan ba a iya jira. Ya ce sun aika mutum da amalanken jaki ya zauna gindin tsamiya tun hantsi, don kowa ya san nan motata ke tsayawa, in mun iso ya ɗauko Goggo ya ƙaraso da ita. Mutumin ya zauna har azahar bai ga kowa ba.

Ya dube ni ya ce, "Ta ina kunka biyo?"

Na ce ta burtali. Bai tambaye ni dalili ba. Da ya tambaya da ya fi mini sauƙi.

Inna ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta shiga ɗakin, ta zauna bakin tabarmar da anka ɗauke shi a kai, ta ajiye bidon. Can ta kira ɗan kawu. Ina tsaye bakin ƙofa ina ji.

"Mi yac ce a gaya min?"

"Goggo, mun tambaye shi. Da munka ga ƙarhinshi na tahiya munka ce ya hwaɗi, mu riƙe miki. Yac ce a'a, wagga ba maganar aike ba ta. Sai kin zo."

"Bai ce ya yahe ba?"

Ɗan kawu ya durƙusa gabanta. Mutum ne da bai iya ƙarya ba, duk gidansu haka suke. Ya ce, "Duk motsin da yaj ji waje sai ya ce, Yaya ta iso? Shi ke nan abin da shika cewa."

Ta zauna a ƙauyen kwana arba'in. Ban ce ta dawo ba. Ni na koma Filinge washegari da sanyin safiya. Makanike ya sa mini wani bobin na hannu, aikin bai kai shan shayi ɗaya ba. Da na ba shi labari bai yi ba'a ba. Ya yi ta juya tsohon a hannunsa, ya ce shi ya kamata ya bi ni hanya ko sau ɗaya, ya taɓa shi da zafinsa. Motar ba ta sake mutuwa ba.

Da Inna ta dawo na kai mata tsohon bobin har ɗakinta na nuna mata tsagar. Ban san abin da nake nema ba. Na yi mata bayani tun daga yashi har kontak. Ta saurara har na gama.

"Na ji," ta ce. "Ƙarhe yay yi zahi. To shi yac ce ka bar hanya?"

Na ɗauki abina na fita.

Ta yi shekara biyu bayan haka a gidana. Ba ta sake ɗago maganar ba, ba ta canza mini fuska ba. Amma duk wanda ya zo daga ƙauyen, ko mai tallar kuka ne, sai ta sa a shigo da shi. Ta ba shi ruwa, ta tambayi damina, ta tambayi mutanen gida, ta zagaya ta zagaya, sannan ta tambaye shi ko yana nan ranar, ko ya ji ƙanenta ya faɗi wani abu. Ba a samu wanda ya ji ba.